Ranar Ɗaga Hannu

Auta na durƙushe a tsakar ɗaki tana yanka tsofaffin labulaye don ɗinka wa ɗalibanta rigunan wasa, sai Yaya ya banko ƙofa ko sallama babu.

"Ke! Da izinin wa kika saka min 'ya a wasan 'yan gudun hijira?"

Ta ajiye almakashi. "Wasan Girkawa ne, Yaya, ya fi shekara dubu biyu. Mata ne suka gudo neman mafaka, sarkin garin ya ce ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba sai jama'a sun ɗaga hannu. Ina aibu a nan?"

"Ni za ki raina wa hankali? Don wannan kafintan naki kika zaɓo shi!"

Kafintan nan yaƙi ne ya koro shi shekara shida da suka wuce, daga shi sai mahaifiyarsa da jakar kayan aiki. Shi ke gyara bencuna a makarantar da Auta take koyarwa, a nan suka saba har ta kai ga soyayya. Sau uku yana turo manya, sau uku Yaya yana tare su a bakin ƙofa, wai ba a san asalinsa ba. Baba kuwa tun da ciwon ƙafa ya kwantar da shi ya sakar wa Yaya ragamar gida.

"Ka taɓa kama shi da sata?" in ji Auta. "Ko da ƙarya? Laifinsa kawai an ƙone garinsu!"

"Za ki gani," in ji Yaya.

Ta kuwa gani. Shi ne shugaban kwamitin iyaye, washegari ya tsaya a kan firinsifal. Wasa dai bai soku ba, an riga an raba katin gayyata, amma aka hana Kafinta shiga makaranta.

Daga wurin gwajin wasa ta wuce shagonsa, ta same shi yana goge katakon dandamali kamar ba abin da ya faru.

"An kore ka kamar ɓarawo, kana nan kana yi musu aiki? Tashi mu je gaban alƙali a ɗaura mana aure, kowa ya mutu!"

Ya kakkaɓe hannu. "Malama, na san yadda rasa gida yake. Ba ni zan raba ki da naki ba. Dandamali kuma na yara ne — zan gama, a zo a ɗauka."

"Wallahi haƙurinka ya ishe ni!" Ta fita tana kuka, har da shi take jin haushi.

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. 'Yar Yaya, wadda ake kira Lauya saboda bakinta, ita ce ta fito a shugabar matan da suka gudo, ita kuma ta nace sai da aka turo Baba a keken marasa lafiya. Ta durƙusa gaban sarki tana roƙo: "Ba mu zo ƙwace muku komai ba, wurin da za mu kwana ba tsoro muke nema." Sarki ya juya ya ce jama'ar gari su ɗaga hannu.

Nan Yaya ya miƙe. "Ke! Sauko daga nan!"

Auta ta ji kamar ta kurma ihu. Lauya ta dube shi, hawaye na zuba. "Abba, don Allah ka bari in gama."

"Malam, zauna mana!" wata uwa ta daka masa tsawa daga baya. Kafin ya sake magana hannuwa sun tashi, na 'yan wasa da na 'yan kallo. Ya fice yana huci.

Suna komawa gida Baba ya sa aka tara kowa a ɗakinsa. Auta ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Ka kunyata jikata a bainar jama'a," ya ce wa Yaya. "Laifina ne da na bar baki ɗaya yana magana a gidan nan. Maganar Kafinta — kowa ya faɗi abin da ya sani."

Inna ta ce tun bara ta bincika, ba ta ji komai ba sai alheri. Gwaggo ta ce yadda yake riƙe da uwarsa ya ishe ta shaida. Da Baba ya ce wanda ya yarda ya nuna, har matar Yaya ta ɗaga hannu, kanta a sunkuye.

"Har da ke?!"

"Har da ni, Abban Lauya."

Yaya bai zo ɗaurin aure ba. Sai da aka kusa shekara ya taka gidansu, ya gaisa a tsaye. Auta ta ƙi fitowa, amma Kafinta ya shimfiɗa masa tabarma, ya shiga ya lallaso ta.

Har yau idan ta tuna ranta na ɓaci. Sai dai ta yarda da abu biyu: da ta bi fushinta gaban alƙali, da ta sami miji ta rasa dangi, kuma gidan da mutum ɗaya ke yanke wa kowa hukunci, zalunci ba ya nisa da shi.