Dutsen da Ya Ƙi Haske

Akwatunan ƙarfe biyu. Na'urar leza da madubanta. Tabarau na kariya. Buhun shinkafa na tsaraba. Sai kwalba rufaffiya, tsawon ɗan yatsa, da wani ɗan dutse baƙi a ciki. Kayan da Dakta Muhsina ta ɗauko daga Yamai ke nan, za ta Tawa koyarwa. Ta yada zango a Konni, gidan kawunta Alhaji Abdussamad.

Washegari ta tafi ta'aziyya Malbaza. Da ta dawo da la'asar, babu kwalbar.

Insifekta Hamani ya iske ta tsaye a ɗakin baƙi, a fusace.

"Zinariya ce, Dakta?"

"Ko tsire ba za a ba ka da shi ba a kasuwa. Semikondakta ne, dangin abin da ke cikin fitilar wayarka. Ni na haɗa shi, shekaru ina fama. Na'urar nan tana harba masa haske, harbin da ya fi ƙiftawar ido gajarta nesa ba kusa ba. In na tsara harbin daidai sai ya yi haske kore. In ban tsara ba, shiru."

"Wa ya taɓa ganin koren?"

"Jiya Kawu ya matsa in nuna wa mutanen gida." Ta juyo gare shi. "Ka nemo shi da sauri. In iska ta taɓa shi ya mutu, kuma ba ni da wani."

Insifekta ya duba ɗakin. Na'urar na kan tebur, a jone da kuran, wato wutar lantarki.

"Haka kika bar ta?"

"A akwati na bar ta."

Ya ɗaga jakar tabarau. Ƙullinta na nan, ba a kwance ba.

"To wawa ne ya kunna ta," in ji Muhsina. "Haskenta ido ba ya ganin sa, amma yana ƙona shi."

Insifekta ya iske Jibo direba na wanke mota a ƙofar gida.

"Ina kake da azahar?"

"Malbaza, ranka ya daɗe. Ina jiran Dakta."

"Ta fito alwala ba ta ga mota ba. Sake faɗa."

Jibo ya matse tsumma har ya daina ɗiga. "Alhaji ya kira ni. Na ɗauko masa baƙo daga bakin iyaka, mai sayen duwatsu. Bai daɗe ba ya fito yana tsaki."

Alhaji Abdussamad na zaune a rumfa yana haɗa shayi.

"Bismilla, Insifekta. Ni fa barci na yi. 'Yan aikin gidan nan ne, na sha faɗa, hannunsu ba shi da kyau."

Ya ɗaga buta ya tsiyaya. Shayin ya zuba a faranti, gefen kofi. Ya karkata kai kamar zakara, ya sake gwadawa.

Insifekta ya ture kofin da aka miƙo masa.

"'Yan aiki ko? Alhaji, rufe idon hagu ka faɗa mini wa ke tsaye gabanka."

Alhaji ya rufe. Muhsina ce a gabansa.

"Baƙin tabo nake gani," ya ce a hankali. "Na kunna wa baƙon, dutsen ya ƙi haske. Na sunkuya in leƙa ko na'urar na aiki."

"Ina kwalbar?"

Ya zaro hankici daga aljihu ya buɗe. Ɓaraguzan gilashi, da wani gari-gari rawaya.

"Na zaci gilashin ne ke tare hasken, sai na fasa."

Muhsina ta dubi hankicin. Ba ta taɓa shi ba.

"Kawu, da ka tambaye ni."

"Ke da na rena da hannuna zan tambaya?"

Kafin a kai shi mota, dattawan unguwa sun taru. Wannan ya ce maganar gida ce, wancan ya ce ido ɗaya ai ya isa horo. Babu wanda ya tambayi abin da ke cikin hankicin.

"Da a wuyan mai wanke-wanke ya rataya satar, da kun zo?" in ji Insifekta. "Ku ba da hanya. Asibiti tukuna, sannan komisariya, wurin 'yan sanda."

Alhaji ya leƙo daga kujerar baya, kansa a karkace. "Ɗiyata, ki ce a bari."

Muhsina ta tura ƙofar motar da kanta har ta rufu.

"Ba zan janye ƙara ba, Insifekta. Mu tafi."