Mai Neman Auren Iyar Alhaji

Ranar da Raliatou ta fara ganin Illo, ranta a ɓace yake, kuma ba shi ya ɓata shi ba.

A farkon shekarun casa'in ne, lokacin da kwamfuta ta fara shiga hannun talaka. Ƙungiyar 'yan Nijar mazauna Lyon ta sayi guda da na'urar buga takarda, don ta riƙa fitar da 'yar jarida da Hausa. Aka ajiye su a bayan shagon mahaifinta, Alhaji Moutari, a unguwar Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, tsakanin buhunan gero da kwalayen atamfa. Sai aka kira taro don a zaɓi manhajar da za ta riƙa tsara shafuka.

Kamalu, mai kula da shagon Alhaji, shi ya fara tashi, turarensa ya riga shi isa gaban jama'a. Ya ɗaga wani kwali mai sheƙi, ya ce manhajar manya ce, ba a taɓa yin kamarta ba. Raliatou da ke karatun harsuna a jami'a ta tambaye shi ko tana iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ.

"Ƙugiya kuma, Raliya? Ai ba kifi za mu kama ba," in ji shi. "A rubuta haka nan, kowa zai gane. Ça passe, haka ma ya yi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ita kuwa ta ji kamar ta tauna tsakuwa a tuwo. Abin da ya ƙara mata ƙyama shi ne ta san wannan mutumin mahaifinta yake yi wa tanadinta.

Daga can baya wani siririn saurayi ya miƙe. Sunansa Illo, mutumin Tahoua, yana karatun kwamfuta a Paris. Manhajarsa ba kwali, ba sheƙi, cikin wani ɗan faifan kwamfuta da ake kira disket take a aljihunsa, ga ta da nawa kamar jakin da ya ƙoshi. Amma ya zauna ya zana mata haruffan nan uku da kansa, ɗigo bayan ɗigo. Ya danna, sai ga ƙ ta fito a fuskar kwamfuta da ƙugiyarta tsaf. Raliatou ta dubi harafin, ta dubi mai harafin, shi ke nan.

Dattawa dai suka zaɓi ta Kamalu, domin kwalinta ya fi nauyi, kuma Alhaji ya riga ya gyaɗa kai. Illo ya ce a yi tunani, Alhaji ya ce masa yaro bai koya wa manya sayayya.

Illo ya koma ɗakinsa a Sevran da ke gefen Paris, amma ya bar wa Raliatou disket ɗin ya ce ta gwada a jami'a. Da ta buɗe sai ta tarar da saƙo:

"'Yar Ƙugiya, kowa ya yi shiru yau, ke kaɗai kinka tsaya ma harshenmu. Ni ma kin maƙale ni. Illo."

Ta yi tsaki don kar ƙawayenta su gane, sannan ta mayar masa:

"Malam Ɗigo, manhajarka ta fi kunkuru nawa. Amma ina jira."

Haka disket ya yi ta kaiwa da komowa ta gidan waya har sanyi ya wuce. Jaridar ƙungiya kuwa ta fara fita ba ƙugiya ko ɗaya, domin Kamalu bai taɓa sa su. Ƙanwa ta zama kanwa, ƙura ta zama kura. Duk fitowa sai Raliatou ta riƙe ta da yatsa biyu kamar tsumman kicin.

Da magana ta yi ƙarfi, Illo ya je wurin kawunsa Malam Illiassou, wanda ya tsaya masa a matsayin uba a ƙasar nan. Kawu ya faɗi kalmomin neman izini, Illo ya rubuta da manhajarsa. A nan ya yi wautar da har gobe ake masa dariya. Na'urarsa ta buga takarda tsohuwa ce mai allura, rubutunta kamar tafiyar tururuwa, shi kuma yana so Alhaji ya ga takarda mai kyau. Sai ya aika disket zuwa shago da sunan Raliatou, don ta buga a babbar na'ura ta miƙa.

Hannun Kamalu ya faɗa. Ya buɗe shi da tasa manhajar, ya buga, ya karanta, ya yi murmushi. Bai kai wa Alhaji ba sai bayan sallar Juma'a, lokacin da shago ya cika da abokan ciniki. Da yake idon Alhaji ya yi rauni, Kamalu ya karanta masa da ƙarfi, yana gyara abin da ya ga dama, har ya iso inda yake so.

"Illo yana neman auren iyarka."

Alhaji ya karɓi takardar ya kai ta kusa da hanci, ya ga kalmar da idonsa. Mahaifiyarsa, Hajiya Halimatou, tana nan da ranta a gidansa, ta zo ganin likita daga Zinder. Alhaji ya ce yaron nan ramuwa ya yi don an ƙi kayansa, ya rantse in ya sake jin sunan Illo a gidansa sai ran kowa ya ɓaci. Ya ƙara da cewa bayan salla za a sa ranar Raliatou da Kamalu.

Raliatou ta ji labari a bakin matan unguwa kafin ta iso gida. Kunya da takaici suka rufe ta, har ta ji ƙyamar kanta da ta amince da shi. Da Illo ya kira waya ta ɗauka da kanta.

"'Yar Ƙugiya, Alhaji ya samu saƙon kawu?"

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan. Tir da kai, Illo."

"Mi ya hwaru? Raliya, wallahi ban san..."

Ta kife wayar.

Takardar tana yashe a kan tabarma inda Alhaji ya jefar da ita. Ta ɗauka don ta yaga, sai idonta na mai karatun harsuna ya ƙi ba ta haɗin kai. An rubuta "anmu Illo", ba "ɗanmu" ba. An rubuta "muna roo", ba "roƙo" ba. Har "asar Faransa" ta gani. Manhajar Kamalu ba ta san haruffan Illo ba, duk inda ta ci karo da ɗaya sai ta haɗiye shi ta wuce. Ɗiyarka aka rubuta, ɗ ɗin ce ta tafi. Kuma Kamalu ya gani sarai, tunda ya cike sauran guraben da bakinsa.

Washegari ta roƙi mahaifinta ya zo bayan shago, ta riƙo hannun kakarta ta zo da ita. Ta sa manhajar Illo ta buɗe disket ɗin, kalmar ta fito cikakkiya. Ta ce Kamalu ya buɗe da tasa. Ya ce na'ura ta gaji. Alhaji ya ce ya buɗe. Suna kallo ɗiya ta koma iya.

Alhaji ya daɗe yana duban Kamalu, irin duban da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Ka gani, kuma ka karanta mini haka a gaban mutane? Aje mini makullina."

Hajiya Halimatou kuwa dariya take har da hawaye. Ta ce shekara da shekaru rabon da wani ya nemi aurenta, yanzu an samu ɗan boko daga Paris kuma ana so a yi mata baƙin ciki.

"Moutari, na ji na gani ina so, amma ƙafafuna ba su iya hawan jirgin ƙasa. A ba shi yarinyar ta riƙe mini shi."

Raliatou ce ta kira Sevran.

"Malam Ɗigo, ka yafe mini."

"Sai in kin yarda in ci gaba da kiranki da sunanki."

"Na yarda. Amma daga yau kawu ya riƙa zuwa da ƙafarsa."

Malam Illiassou ya zo da ƙafarsa, da goro da dattawa. Ƙungiya ta sake zama ta ɗauki manhaja mai nawa, kwalin nan mai sheƙi kuwa aka sa shi tokare ƙofar shago. Abu na farko da aka buga shi ne katin ɗaurin aure. Alhaji ya hana a raba sai da ya sa tabarau ya bi shi da yatsa, ya tabbata ɗiyarsa na nan da ƙugiyarta, sannan ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Ranar biki ango ya durƙusa gaban Hajiya Halimatou don gaisuwa. Ta kama kunnensa ta ce:

"Allah ya yi muku albarka, mijina. Amma ka sani ni ka fara nema, kuma ina da takarda."