Turken Ƙarfe a Bakin Tafkin Karun

Rana ta faɗa bayan benayen unguwar Hada'ik el-Ma'adi a Alƙahira, Rabi'atu tana kicin tana tace shinkafa, sai ta ji abu ya bugi ƙofar baranda. Mijinta Ukasha, ɗalibin hadisi, ya sauka masallaci. 'Yarsu Khairat tana falo da littafi a cinya. Rabi'atu ta leƙa, ta tarar da tsakuwa fara a jiƙe. Ta sansana, ta ji ƙarnin kifi da gishiri.

Ta dubi layi, ba kowa sai mai tura keken burodi. Ta ɗaga kai ta dubi barandar Mahasin, 'yar Sudan da ke samansu, wadda suka taɓa yin sa-in-sa da ita a kan ruwan wanki mai ɗiga musu a shanya. Rabi'atu ba mai yawan magana ba ce. Ta jefar da tsakuwar, zargin kuwa ta ajiye shi a ranta.

Washegari da magariba wasu tsakuwoyin suka sake zuwa, amma a tsakiyar falo suka zubo, ƙofofi duk a rufe. Daga nan gidan ya canza. Da zarar an kira salla sai a ji ruwa yana motsi a banɗaki, a je a tarar famfo a bushe. Rabi'atu ta daina gaida Mahasin. Ta zargi 'ya'yan mai gadin bene. Ta zargi matan abokan mijinta, waɗanda suka ga hotunan tafiyarsu Fayyum suka yi ta zuba masha Allah mai nauyi.

Tafiyar nan ita ta tsara ta. Da aka yi hutun makaranta Ukasha ya ce su fita daga hayaniyar Alƙahira su kwana a tanti a bakin Tafkin Karun da ke Fayyum, ya bar mata zaɓen wuri. Ta yi ta duba sansanonin a waya. Wannan akwai kiɗa da samari masu tseren babur a yashi, wancan ruwansa da zurfi, wani kuma ba banɗakin mata. Daga ƙarshe ta tsaya a kan wani ƙarami na wani masunci, Munzir. Da suka isa ta ga tantunan a manne da juna, ba inda mace za ta cire hijabi ta sha iska. Can gefe kuwa, bayan wasu dabinai, ga fili mai inuwa, ruwan gabansa iya idon sawu.

"Balash, ya Hajja, ki bar wajen nan," in ji Munzir. "Ba a kafa tanti a can."

Ta ɗauka Turawa yake ajiye wa wurin. Ta kafe, har Ukasha ya ɗauki kaya ya bi ta. Ana kiran magariba daga ƙauye yana buga turakun ƙarfe a ƙasa.

Yanzu ga Khairat ta fara jan ƙafar hagu. Likita ya duba, bai ga komai ba. Ukasha ya yi tofi, ya yi karatu, yarinyar sai kallon bango. Wata yamma Rabi'atu ta tarar da ita zaune a cikin bahon wanka da kayanta, ta juye gwangwanin gishiri a ruwan, tana rera wani kuka da murya irin ta tsohuwa.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mahasin ce.

"Ummu Khairat, kin daina gaishe ni, ma'alish, ba komai. Amma ina jin kukan nan daga ɗakina, kuma ba kukan yarinya ba ne. Ki bari in kawo kawuna."

Rabi'atu ta ce a ranta, wanda ya ƙulla ai shi ya san bakin zaren. Sai dai ta dubi 'yarta, ta gyaɗa kai.

Kawun nata, Shehu Fadl, Bahaushen Sudan ne, tsoho siriri, mai magana a hankali. Ya zo kafin magariba, ya zauna a tabarma, ya sa aka rufe yarinyar da mayafi. Ya daɗe yana karatu. Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Sai Khairat ta miƙe zaune, ta yi magana da Larabcin ƙauye wanda ba ta taɓa ji a makaranta ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan bayan dabinai."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Uwarta za ka tambaya." Kan da ke cikin mayafin ya juyo wajen Rabi'atu. "Na zagaye tafkin nan kaf kafin in zauna a can. Ba kiɗa, ba idon maza, ruwan ba ya cin yara. A nan na raini 'ya'yana. Aka ce muku kada ku zo, kuka zo, ko sallama babu. A lokacin fitarmu kuka buga ƙarfe. Ɗaya ya ratsa ƙafar autata, kuma yana nan har yau."

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Akwai turke ɗaya da ya ƙi fita, Shehu. Na bar shi."

"Ƙafa da ƙafa," in ji muryar. "Tawa tana ɗaure, tasu ma ta ɗaure."

"Ba su gan ku ba," in ji Shehu Fadl. "Kuskure ne, ke kuwa da gangan kike yi. Ki ji tsoron Allah."

"A yanka min baƙin rago a bakin ruwa."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Ko kaza ba za ki samu ba."

Ya ci gaba da karatu, muryar ta yi ƙara, tagogi suka girgiza. Sannan ta yi laushi, kamar ta macen da ta gaji da jinya.

"To a cire ƙarfen kafin rana ta faɗi gobe. Uwar za ta cire, ba uban ba. Zan fita yanzu, amma ƙafar yarinyar ba za ta saki ba sai ta autata ta kuɓuta."

Shehu ya sa ta rantse. Khairat ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin ubanta, ta ce, "Umma, ƙishirwa."

Da safe Rabi'atu ta tsaya tana tunanin wanda za ta bar wa yarinyar. Ta daɗe. Sannan ta hau bene da kanta ta ƙwanƙwasa ƙofar Mahasin.

La'asar sakaliya suka isa tafkin. Munzir ya raka su har dabinan, ya tsaya nan tare da Ukasha. Rabi'atu ta ƙarasa ita kaɗai. Ta yi sallama da ƙarfi, kamar mai shiga gidan surukai, ta jira ɗan lokaci, sannan ta durƙusa ta tona yashin. Ta yi bismillah ta kama turken. Ya zaro ba gardama, tsinin a jiƙe.

Wayarta ta yi ƙara tun kafin ta miƙe.

"Ummu Khairat! Ƙafar ta saki. Wallahi gudu take yi min a falo, na kasa kama ta!"

Rabi'atu ta yi hamdala, ta riƙe ƙarfen gam ta nufi inda mazan suke. A bayanta ta ji ƙananan ƙafafu sun faɗa ruwa da gudu suna fantsama shi. Ba ta waiwaya ba.