Kafin Jadawalin Ya Buɗe

"Kada ka gyara ta!"

Mufida ta tare gaban kwamfutar da hannu biyu, kamar kazar da aka zo ɗebe wa ƙwai.

Waliyyu ya sauke jakarsa a hankali.

"Haba Mufida... gyaran hwa anka kira ni."

A kamfanin albasa na kawunta Alhaji Lawali da ke Jega, Mufida ce mai tsara jadawalin ma'aikata: wa zai yi lodi, wa zai tsare rumbu, wane direba zai bi hanyar Maiyama. Jadawalin ya yi ƙibar da in aka danna shi, sai a dafa shayi a shanye bai buɗe ba. A cikin wannan jiran ta kamu da son Waliyyu, mai gyaran kwamfuta daga Aliero. Shi ya kalli allo, ita ta kalle shi, janareta na ta shan mai.

Kullum sai ya ce, "Mufida, akwai wata magana..."

Sai ya haɗiye abarsa. Ai akwai lokaci!

Zayyad ne ya dama lissafin. Dillalin albasa ne, ya daɗe yana yi wa Mufida tayin kansa tana ƙin saye. Shi ya raɗa wa Kawu cewa yaron Aliero zance yake zuwa, ba gyara ba.

Shi ya sa yau Kawu ya faɗo ofis yana huci, Zayyad na biye.

"Kai yaro! In abin ga bai yi sauri yau ba, kada in ƙara ganin ƙahwarka nan!"

Mufida ta buga lissafi. In bai gyara ba, an kore shi. In ya gyara, da wane dalili zai dawo?

Waliyyu ya zauna. Da ƙyar jadawalin ya buɗe, ya bi shi da kallo, ya riƙe baki.

"Alhaji, wanga Garba na Gumbin Kure, ba tun shekarar da anka ba mu jiha yab bar aiki ba?"

"Ya bari."

"To mi sunanai ka yi nan?"

"Jikan ƙanwar kakata na! Gidan ga ba a share ɗan'uwa!"

Ashe duk wanda ya taɓa ɗaga buhu, daga Sarandosa har Andarai, yana ciki, kwamfuta na lissafa masa ranar hutu.

"Ba share su za ni yi ba, Alhaji. Ɗaki za ni sake musu."

Kawu ya leƙo allon.

"Ɗakin na da hwaɗi?"

"Har da na baƙi."

Waliyyu ya kwashe tsofaffin ma'aikata zuwa wani fayil, ya ware wa kowane wata nasa. Ya goge launukan da Mufida ta shafe layukan banza da su, ya hana kwamfutar sake lissafi sai an umarce ta.

Ya rufe, ya danna.

Kafin ƙiftawar ido ya buɗe!

Kawu ya yi kabbara. Zayyad ya tuna yana da lodi, ya sulale.

Mufida kuwa ji ta yi kamar an yi mata sata. Ta sunkuyar da kai.

"Shi ke nan... ba sauran jira. Sauka lahiya."

Waliyyu ya kalli allon, ya ga babu ko daƙiƙar da zai ɓuya a cikinta.

"Mufidata, ina son ki! Da aure nika son ki!"



Kawu ya kalle shi sama da ƙasa.

"Au, kai ma an gyara ka?"

Ya gyara zaman hularsa.

"Turo manyanka. Amma ka sani, wanda yas shiga jadawalin gidan ga, ba a share shi."

Mufida na dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

Ta riga ta fara buga sunansa.