Masu Zama a Kunnena na Hagu

Tun da aka kafa Maiduguri ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunce ni ba. Ni Ba'ana, wanda duk unguwar Lamisula babu mai iya kafa hula kamata, yau an wayi gari ba ni da ikon karkata ta hagu. Kuma masu ƙera na'urori ne suka jawo mini.

Shagon wasanni gare ni. Na sayo tabarau ɗin nan da in ka sa sai ka ga kanka a wata duniya. Kunnuwana sun ɗan yi nauyi, ɗan kaɗan dai, don haka nake maƙala 'yar na'urar ji a na hagu, in sauko da hula ta rufe. Ita ke haɗuwa da tabarau ɗin ta kawo mini sauti.

Na so in razana maƙwabcina Dzarma tela, mai cika bakin ba ya tsoron komai. Sai na ɗauki kyamara na tafi wani kango a unguwar Hausari. Na yi sallama a bakin zaure, ban ji an amsa ba, na shige na ɗauke gidan a bidiyo ɗaki-ɗaki na zuba a tabarau.

Dab da magariba na ce bari in gwada kafin in kira shi. Keken ɗinkinsa na ta ƙara ta bayan bango. Na sa tabarau.

Ga zauren. Ga busasshiyar rijiya, ga randa a kife. Na yi dariya, na yaba wa kaina.

Sai ƙamshin turaren wuta ya buge ni. Tabarau ba ya kawo ƙamshi.

Ƙarar keken Dzarma ta ɗauke. Randar da na bari a kife, yanzu a zaune take, cike da ruwa. Ruwan na motsi.

"Kai ne ɓarawon gidan?"

Muryar tsohuwa ce, can ƙasa-ƙasa, a cikin kunnena na hagu. Na ji numfashinta. Sanyi ƙalau.

"Iya, hoto kawai na ɗauka," na ce.

"Ka ɗauke mu ka sa a akwati. Mun koma gida, babu gida."

Na kai hannu in cire tabarau. Ban taɓa komai ba sai fatar fuskata.

Na juya neman ƙofa. Bango ne.

Sai takun ƙafafu. Ƙanana, masu yawa, suna fitowa daga rijiyar.

"Tunda ka shiga namu, za mu shiga naka," in ji ta. "Kan nan naka da fili. Kai ne za ka fita."

Wani abu ya fara kutsawa cikin kunnena, kamar ana zura jiƙaƙƙen zare. Na nemi sunana na rasa. Na nemi A'uzubillahi, rabinta kawai na samu.

Na kurma ihu da rabin.

Mari na ji. Haske ya dawo. Dzarma ne a kaina, tabarau a hannunsa, ni kuwa ina kwance ƙarƙashin tebur, hulata a kwata.

"Ya Ba'ana, kai da ka ce za ka sa ni fitsari a wando? Dubi naka. Abin nan ma a kashe yake, babu caji."

Na fizge na'urar jin na take ta da takalmi.

"Mun riga mun shigo," in ji tsohuwar.

Kan dai na tsira da shi, kunnen ne suka riƙe. Da asuba ina jin suna shara. In hula ta taɓa wajen, sai a yi mini tsawa wai na toshe musu ƙofa.

Matata Zulaiha ce ta kunna ainihin bidiyon a waya. Bayan sallamata, ga muryar tsohuwar nan raɗau: "Koma. Kada ka shigo."

"Wannan ko kurma ya ji," in ji Zulaiha. "Ina na'urarka take a lokacin?"

To. A aljihu take. Wata mai sayar da turare ce ta zo wucewa, ni kuma na ɗaga hula ina gyara kafinta, ban so matar ta ga abu a kunnena ba, sai na cire.