Sara Uku a Gindin Kirya

Ranar Laraba ce, bayan la'asar, Gamaliel ya kira ni a waya ya ce injinsa ya maƙale a cikin bishiyar kirya. Ya ce in zo da sabon fulogi da weji biyu na buɗe bakin yanka da guduma. Da ihu yake magana kamar kullum, don shekara ashirin da ya yi riƙe da injin yankan itace sun cinye masa kunne. Na ce to. Na rufe rumfata ta Gangaren Tudu a Keffi, na ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, na kama hanyar Garaku.

Tun kafin in fita gari abin jiya ya faɗo min a rai. Na san abin da ban yi ba.

Ni da Gamaliel tare muka koyi saran itace, da gatari, tun inji bai zo ba. A lokacin babbar bishiya kan ci kwana biyu kafin ta faɗi. Duk wanda ke zaune cikinta, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani, yana da sararin kwashe kayansa. Da inji ya zo, kafin ruwan shayi ya tafasa an kayar da abin da ya shekara ɗari. Shi ya sa manyanmu suka kafa ƙa'ida. Ana gobe za a yanka, da yamma, mutum ɗaya zai je da gatari ya yi wa gindin sara uku, ya ce, "Masu gida, gobe muna tafe." Sai ya juya ya tafi. Ba yanka kaza, ba turare. Liman bai so, fasto bai so. Mu kuwa muka ce sallama ce kawai, ba a faɗa wa gidan mutane haka nan.

Da gwiwata ta lalace na bar daji na koma gyara. Wasa sarƙa, wanke kafireta, sauya igiya. Amma sallamar ta zauna a hannuna. Gamaliel ya yanka, ni in yi sallama. Bai taɓa bin bayana ya duba ba.

Ranar Talata, ana gobe Gamaliel zai yanka kiryar, rumfa ta cika. Masu inji huɗu ne a kan benci, kowa da kukansa. Wannan ya ce an sayar masa da fetur da aka haɗa da kananzir, injin sai tari yake. Wancan igiyarsa ta tsinke sau biyu a mako guda. Akwai Prosper, ƙato mai baki, wanda ya fi kowa kayar da itace a shiyyarmu. Gardama muke da shi kan baƙin mai. Na ce ya daina zuba wa sarƙa ragowar man da kanikawa suka juye, yana toshe famfo. Ya ce sarƙa ba amarya ba ce da za a saya mata man shafawa. Na nuna masa haƙoran sarƙarsa, wasu dogaye wasu gajeru kamar bakin tsohuwar akuya, na ce magagari ba a sa shi da fushi, kowane haƙori shafa uku, hannu a karkace daidai. Ya ce ya ji, malamin makaranta.

Da rana ta yi sanyi na miƙe na ɗauko gatari daga bayan duro.

Prosper ya zungure na kusa da shi. "Baba Zainu zai kai wa aljanu notis."

Suka kwashe da dariya.

"Baba, ai tuni sun koma Abuja. Can ne ake da manyan gidaje ba kowa a ciki. In ma dole ne, ka tura musu tes a waya mana, ka huta da ƙona mai."

Har wani ya faɗo daga benci. Shekarata sittin da uku, ga furfura, amma dariyar nan ta shige ni kamar ƙaya. Na ce ƙotar ce ta yi sako-sako, dubawa zan yi. Na bubbuga ta a ƙasa na mayar bayan duro. A raina na ce in sun watse zan je. Ba su watse ba sai da aka kira magariba. Na ce bishiya ɗaya, me za ta yi.

Washegari da safe Gamaliel ya biyo karɓar sarƙarsa. Ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya yaba. Yana ɗaure injin a babur ya ce, "Ka yi, ko?"

Na ce, "Na yi."

Wannan kalmar ce ke zaune a bayana a kan babur, har na sauka daga kwalta kafin Garaku, na bi ta gonakin rogo. Na haɗu da garken shanun Fulani suna komawa ruga. Daidai inda hanya ta nufi rafi suka kauce gaba ɗaya suka yi cikin ciyawa. Ba wanda ya kaɗa su.

Na ajiye babur a bakin gona na ƙarasa da ƙafa. Rana ta yi ja, ta rataya a kan itatuwa.

Wurin da ake yanka yana da warinsa. Fetur, hayaƙi, ɗanyen itace. Ban ji ko ɗaya ba. Ƙanshin miyar daddawa na ji, da hayaƙin murhu. Babu gida a wurin, ko bukka.

Ba tsuntsu. Ba gyare. Sai takuna a kan ganye.

Kiryar ta fi yadda nake zato. Mutum uku ba sa iya rungume ta. Gamaliel na tsaye a gindinta, hannu biyu a kan inji. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ya nutse cikin itacen har ƙarshe. Da ya gan ni ya washe baki, ya ce injin yana cikin ci ya mutu haka kawai, itacen kuma ya cije. Ya ce kirya ba ta da mutunci, tun safe sau biyar yana wasa sarƙa.

Na ce ya saki injin ya matsa in duba.

Ya yi dariya. "Hannun ne ya ƙi. Da ƙyar na kira ka, ina mayar da shi ya ƙage."

Yakan faru. Girgizar inji kan ɗaure jijiya. Na kama yatsunsa in buɗe. Sanyi ƙalau, kamar ƙarfen da ya kwana a waje. Na ja da ƙarfina. Ko motsi.

Na ce bari mu tada injin tukuna. Na durƙusa, na cire murfi, na kwance fulogin. Ya yi baƙi ƙirin. Na zaro sabon daga aljihu.

A nan na ji.

Ni da kunne nake cin abinci. Inji na wucewa a titi zan gaya maka abin da ke damunsa. Wannan ba daga inji ya fito ba. Daga cikin itacen ne.

Ana jan tukunya a ƙasa. Ana naɗe tabarma. Marfi ya faɗi ya yi ta juyi kafin ya kwanta. Ƙafafu na kai da kawo, da sauri, kamar gidan da gobara ta kama. Can ƙasa da duk wannan, wani na nishi. Nishin tsoho wanda ya daɗe a kwance.

Sai komai ya tsaya.

Murya ta fito ta bakin yankan, daidai kunnena. Ta mace ce, ba yarinya ba. A hankali take magana, ba fushi a ciki. Da ma da fushin ne.

"Kai aka aiko."

Muryar ta ci gaba.

"Muna da mara lafiya. Ba ya ɗaukuwa da gaggawa. Dare ɗaya ya ishe mu."

Na ɗaga kai na dubi Gamaliel. Sama yake kallo, yana auna inda bishiyar za ta kwanta. Bai ji komai ba. Ko ganga aka buga a cikin itacen nan ba zai ji ba.

"Wannan bai sani ba," in ji muryar. "Da safe har gaishe mu ya yi. Ya ce ai an faɗa muku."

Nishin ya dawo. Ya fi na ɗazu rauni.

"Faɗa masa ba ka zo ba. Da ƙarfi, yadda zai ji. Sai mu sake shi, kai ka riƙe."

Na dubi mariƙin injin. Na dubi hannuwana. Na gane abin da ake nufi sarai.

Gamaliel ya sunkuyo. "Zainu, me kake saurare? Kar ka ce min fistin ne."

Shekara arba'in da mutumin nan. Ranar da reshe ya danne min gwiwa shi ya goyo ni har bakin titi. Matarsa Priskila ce ta yi wa uwargidana wankan jego. Duk na tuna, ba abin da na manta.

Na ce, "Ban zo ba jiya." Leɓɓana ne kawai suka motsa.

"Me ka ce?" Ya juyo min da kunnensa na hagu, mai ɗan dama-dama. Ya matso da shi har kusa da bakina.

Ina jin numfashinta a ɗaya kunnen. Tana jira.

Na buɗe murya na ce, "Na ce fulogin ne ya mutu."

Wani ya yi ajiyar zuciya a cikin itacen.

Injin ya tashi.

Ba wanda ya ja igiya. Tsohon fulogi na hannuna na hagu, sabo na dama. Ramin fulogin a buɗe, ina kallonsa.

Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Sarƙa ta kama gudu. Abin da take fesowa ba jan garin kirya ba ne. Toka ce mai ɗumi. Sai guntayen kaba. Sai tsumma.

Sai wani abu mai danshi.

Nishin ya yanke.

Injin ya soma shiga ciki, yana jan Gamaliel. Takalmansa na tonon ƙasa. Yana kiran sunana.

Na rungume ƙugunsa na ja.

Ana ja, ina ja.

Hannunsa na hagu ya kuɓuce.

Sarƙa ta tsinke. Ƙara ɗaya, kamar bulala.

Muka zube. Abu mai zafi ya wanke min fuska.

Bishiyar ta yi gurnani ta juya a kan gindinta. Ba inda aka sara mata baki ta nufa ba. Mu ta nufa.

Na kama wuyan rigarsa na ja shi a ƙasa. Gwiwar da ta hana ni daji ban san tana jikina ba. Iska ta buge ni, rassa suka tsaga min baya, ƙasa ta girgiza.

Sarƙar ta naɗe masa wuyan hannun dama, ta shige har ƙashi. Na ɗaure damtsen da sabuwar igiyar inji da ke aljihuna. Na ɗora shi a babur, na ɗaure shi a bayana da rigata. Da na taka kik sai na ji kuka daga wajen rafi. Mata ne da yawa, ƙasa-ƙasa, irin kukan gidan da aka yi rashi ba a so maƙwabta su ji tukuna.

Ban waiwaya ba har kwalta.

A asibiti a Keffi suka yanke hannun daga wuya. Priskila ta durƙusa a gabana a baranda, gwiwa biyu, tana sa min albarka. Na ce ta tashi. Ta ƙi.

Kiryar na nan kwance. Ba wanda ya taɓa ko reshe, masu gawayi ma sun ƙi ta. Injin na ƙarƙashinta.

Gamaliel ya warke. Ba ya iya aiki, don haka kullum da hantsi yakan taho daga Tudun Ƙofa ya zauna a bencina. Duk wanda ya kawo gyara sai ya nuna masa ni ya ce ga wanda ya fizgo shi daga bakin mutuwa. Daga nan sai ya ɗora da ɗayar maganar. Ya ce shekara da shekaru muna gaida itace kamar mahaukata. Zainu ya je, ya yi sara uku, ya yi sallama, ga sakamakon. Maganar ta zaga. Masu yi a ɓoye ma suka bari. Yanzu daga Keffi zuwa Garaku ba mai ɗaukar gatari da yamma.

Prosper ne kaɗai bakinsa ya mutu tun ranar. Makon jiya ya zo bayan la'asar, ya jira sauran suka tafi. Ya tsuguna kusa da ni, ya ce gobe yana da wani babban maɗaci da zai yanka a bakin rafi, kuma jikinsa bai ba shi ba. Ya ce, "Baba, abin nan da kuke yi. Yaya ake cewa?"

Gamaliel bai ji ba, amma ya ga inda idonsa ya nufa, bayan duro. Ya ɗaga dungulmin hannun.

"Kar ka wahalar da kanka, ɗana. Ba ya tsare komai. Ga wanda ya yi nan a gabanka, tambaye shi. Ko ƙarya nake, Zainu?"

Suka zuba min ido su biyun. Magagari na hannuna, sarƙa na kan gwiwata.

Na ce wa Prosper ya riƙa tace fetur ɗinsa kafin ya zuba.

Sannan ya miƙe, ya ɗaure injinsa a babur, ya tafi.