Sifilin da Ya Tare Hanya

A unguwar Ilala da ke Darussalam akwai wani bene mai hawa uku. Iyali shida ne a cikinsa, amma waifai ɗinsu na shiga intanet ɗaya ne. Haɗa hannu suka yi suka saka shi. Ɗan akwatin waifai ɗin yana maƙale a bangon Malam Kibwana, malamin lissafi da ke hawa na biyu, don shi ya fi kowa sanin kan abin.

A hawa na uku akwai wata yarinya 'yar aji shida, ita da mamanta. Tana da kaifin ƙwaƙwalwa, wannan kam ba musu. Aibinta ɗaya ne. In ta san rabin abu, sai ta ɗauka ta gama saninsa.

Da yayanta Shomari zai koma makaranta a Morogoro, sai ya bar mata tsohuwar kwamfutarsa. Ya nuna mata wata manhaja da ake kira toren, wadda yake sauke finafinan katun na kyauta da ita.

Ya ce, "Kin ga, ba daga wuri ɗaya fim yake zuwa ba. Gutsure-gutsure yake a hannun mutane da yawa. Kina karɓa daga wurinsu, su ma suna karɓa daga wurinki."

Ta nuna wasu lambobi ta ce, "Waɗannan fa, Yaya?"

"Ni na saka su. Kada ki taɓa."

Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Kuma ba ruwanki da fim sai ranar Asabar. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

Ta ji ɗin, amma da kunne ɗaya.

Ranar Litinin ta riga Mama dawowa gida. Ta buɗe kwamfuta, ta sa wani dogon katun mai kashi ashirin ya fara sauka. Sai abu ya kama tafiyar hawainiya.

Ta kashe kwamfutar ta kunna. Shiru. Ta koma bakin taga. Shiru. Ta sake rubuta kalmar sirrin waifai. Abu dai yana nan yana jan ciki.

Haushi ya kama ta. Sai ta buɗe wurin da Yaya ya ce kada ta taɓa.

Ta ga gurbi biyu. Ɗaya na karɓa, ɗaya na bayarwa. A gurbin bayarwa an rubuta talatin.

Ta ce, "Au! Ashe shi ya sa. Ni ina ta ba wasu, nawa ya ƙi zuwa. To, an daina."

Ta goge talatin, ta rubuta sifili. Sifili ai babu ne, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Akwai wani ɗan ƙaramin rubutu a gefen gurbin, amma ina ta ga lokacin karanta shi? Ta tura kwamfutar ƙarƙashin gado a buɗe, ta bar ta a jone da wuta.

Washegari benen duka ya ɗauki ƙorafi. Wannan ya ce saƙonsa ya ƙi tafiya. Waccan ta ce hoton ɗinkin da ta tura wa mai kaya yana ta juyawa tun safe. Malam Kibwana ya kashe akwatin ya kunna har sau uku. Ya kira kamfani. Suka ce layinsu lafiya lau yake, wani ne a cikin gidan ya cika hanya.

Da la'asar Malam ya bi ƙofa-ƙofa yana tambaya. Ya iso hawa na uku yana haki.

Ya ce, "Maman Shomari, ko akwai mai sauke wani babban abu a nan?"

Mama ta ce, "Ni dai wayata ko hoto ba ta iya buɗewa." Ta juya ta dubi yarinyar. "Ke fa?"

Yarinyar ta kawar da kai. Ta tuna da dokar Asabar.

Ta ce, "A'a."

Malam ya ce, "Ina tambaya ne saboda Bibi Mwanaidi. Gobe da ƙarfe huɗu 'yarta za ta kira."

Bibi Mwanaidi tsohuwa ce da ke zaune a hawan ƙasa ita kaɗai. 'Yarta ɗaya a duniya, Chausiku, tana aikin jinya a birnin Maskat, can ƙasar waje. Yanzu ita ce a kwance. Gobe za a yi mata aiki a ciki, kuma tana son ganin mahaifiyarta kafin a shiga da ita.

Da Malam ya tafi, yarinyar ta lallashi zuciyarta. Ai nata bai ma fi ɗigon ruwa ba wurin sauka. Kuma ba ta ba kowa komai, tunda ta saka sifili. To, ina laifinta? Da haka ta ci shinkafarta da wake, ko da yake ba ta ji daɗin abincin ba.

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu saura, ta sauka wurin Bibi. Ita ce ke riƙe mata waya duk lokacin kira, don hannun Bibi yana rawa. Wayar faffaɗa ce marar layi, sai da waifai take aiki.

Ta rusuna ta yi gaisuwar da ake yi wa manya a garin, ta ce, "Shikamo, Bibi."

"Marahaba, jikata. Zo ki duba ni. Ɗankwalin nan ya zauna?"

"Ya zauna, Bibi. Kin fi amarya."

Bibi ta yi murmushi kaɗan. Ta sa sabon zane, ta shafa kwalli. Ba ta son 'yarta ta ga damuwa a fuskarta.

Waya ta yi ƙara. Yarinyar ta danna. Sai ga Chausiku a kan gadon asibiti, da shuɗiyar hula a kanta.

Bibi ta ce, "'Yata! Ga ni!"

Chausiku ta ƙura ido. "Mama? Mama, kina nan? Ba na ganinki."

"Ga ni nan, ina ganinki! Chausiku!"

"Mama, ba na jin komai. Baƙi kawai nake gani."

Hoton ya daskare, ya dawo, ya sake daskarewa. Yarinyar ta ɗaga wayar sama. Ta fita da ita bakin ƙofa. Ta katse ta sake kira. Su suna ganin Chausiku jefi-jefi, ita kuwa ba ta ganinsu, ba ta jinsu.

Mama ta ji hayaniya ta sauko da gudu. Ta ce bari ta sayi data a tata wayar. Tana cikin danne-danne sai suka ji muryar Chausiku.

"Mama, sun zo ɗauka ta. In kina ji na, ki yi mini addu'a. Ina jin tsoro, Mama."

Kiran ya yanke.

Da Mama ta samu ta kira da wayarta, wata ma'aikaciya ce ta ɗaga. Ta ce an riga an shiga da Chausiku ɗakin tiyata.

Bibi ba ta yi kuka mai sauti ba. Zama ta yi, ta ɗora hannuwa a cinya. Hawaye ya wanke kwallin nan har zuwa haɓarta.

Ta ce, "Ta tafi tana zaton ban zo ba."

Maganar nan ta soki yarinyar. Ta hau sama a guje, ta jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado. Ta yi zafi kamar an sauke ta daga murhu. Katun ɗin ko rabi bai kai ba. Amma a ƙasa akwai wata 'yar kibiya mai kallon sama, lambobin gefenta suna ta gudu ba tsayawa.

Ba ta fahimci lambobin ba. Abin da ta fahimta shi ne, wani abu yana fita daga kwamfutarta, kuma da yawa yake fita.

Tana iya rufe ta ta yi shiru, ba wanda zai sani. Ta ma kai hannu. Sai ta tuna da fuskar Bibi.

Ta rungumi kwamfutar ta fito. Ta tarar da Mama a kan matakala.

"Mama, na yi ƙarya jiya."

Mama ta dubi kwamfutar, ta dubi 'yarta. Ba ta yi tsawa ba, kuma da tsawar ta yi da ya fi sauƙi.

Ta ce, "Wuce mu je wurin Malam."

Malam Kibwana ya sa tabarau ya duba. Ya buɗe wurin lambobi. Sai ya girgiza kai.

"Wa ya rubuta sifili a nan?"

"Ni ce, Malam. Don kada in ba kowa komai."

"Karanta mini ɗan rubutun da ke gefe."

Ta matso ta karanta a hankali. Rubutun ya ce sifili yana nufin babu iyaka.

Ta ce, "Amma Malam, ai sifili babu ne!"

"A ajina babu ne. A nan kuma babu iyaka ne. Yayanki ya ce wa manhajar ta ba da kaɗan-kaɗan. Ke kuma kika ce mata ta ba da iya ƙarfinta. Kwana biyu kenan tana rabawa duniya katun da hanyar gidan nan duka."

Mama ta ce, "To, me ya sa mu muke ganin Chausiku, ita ba ta ganinmu?"

Malam ya ce, "Dubi matakalar nan tamu. In mutum ɗaya ya cika ta da kayan da yake fitarwa, wa zai iya fita? Muryar Bibi fita za ta yi, sai ta tarar an tare hanya. Ke ma naki katun ɗin shi ya sa ya ƙara nauyi."

Ya goge sifilin, ya mayar da talatin, ya tsayar da katun ɗin. Kafin ya cire tabarau, wayar Mama ta fara ƙara da saƙonnin da suka maƙale tun jiya.

Ya ce, "Kin gani? Aikin minti ɗaya ne. Da jiya kika faɗa, da jiya na gyara."

Nan ne yarinyar ta fashe da kuka.

Mama ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta ce, "Kwamfuta za ta zauna a wurina har hutu. Gobe za ki bi ƙofofin gidan nan ki ba da haƙuri. Amma yanzu akwai ƙofar da ta fi kowace."

Saukowa hawan ƙasa bai taɓa yi mata nisa kamar ranar ba.

Bibi tana kan tabarmar salla da carbi a hannu. Yarinyar ta durƙusa ta faɗi komai, tun daga katun har zuwa sifili. Ba ta rage komai ba.

Bibi ta ci gaba da jan carbinta.

Can ta ce, "Ni ban san sifilinku ba, ban san talatin ɗinku ba. Yaro yana ɓata abu, ni ma na ɓata da ina yarinya. Amma an zo har ƙofarku an tambaye ki, an kuma ambaci sunana. Wannan ne ya yi mini zafi."

"Ki yafe mini, Bibi."

"Zan yafe. Amma yau zuciyata tana Maskat. Je ki, gobe ki dawo ki riƙe mini waya."

Ranar Alhamis a makaranta, yarinyar ba ta gane komai a aji ba. Ana tashi ta kamo hanya, ko ƙawayenta ba ta jira ba. Ta tarar da Bibi a bakin ƙofa. Saƙo ya zo da safe cewa an gama aiki, amma har yanzu ba wanda ya ji muryar Chausiku.

Suka zauna suna kallon waya. Ƙarfe huɗu ta yi, shiru. Huɗu da rabi, shiru.

Biyar saura kwata waya ta yi ƙara.

Yarinyar ta danna. Ga Chausiku nan, ta rame, leɓenta ya bushe. Ta buɗe ido sosai.

"Mama! Na gan ki! Ga ki nan tar!"

"Kina ji na, 'yata?"

"Ina jin ki, Mama. Har numfashinki ina ji."

Bibi ta ɗaga hannuwa biyu. Ta yi wa 'yarta doguwar addu'a, Chausiku tana amsawa da amin, hoton kuma bai daskare ko sau ɗaya ba. Hannun yarinyar ya gaji, amma ba ta sauke ba.

Da aka shafa, Bibi ta ce, "Jiya ma ina nan, 'yata. Na zo tun kafin lokaci."

Yarinyar ta leƙa cikin wayar ta ce, "Gaskiya ne, Anti. Ni ce na tare hanya, kuma aka tambaye ni na ɓoye. Ki yi haƙuri."

Chausiku ta yi 'yar dariya, ta dafe cikinta. "Wayyo, kada ki sa ni dariya, ɗinki zai buɗe. Tunda kin faɗa da bakinki, ya wuce."

Bibi ta jawo yarinyar jikinta ta ce, "A wurina ma ya wuce."

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe abu biyu. Abin da jama'a suka haɗu a kansa, ba ta taɓa shi don jin daɗin kanta, balle in ba ta fahimce shi ba. In kuma ta yi kuskure aka tambaye ta, takan faɗi gaskiya nan take, tun gyaran yana da sauƙi, tun bai cuci kowa ba.